Konceton Bach na hafsikod ba kiɗan babbar ƙungiya ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi tsokaci a kan wani kuskure da ake yawan yi idan ana maganar kiɗan Turai na zamanin Barok (wajajen 1600 zuwa 1750), wato ɗaukar hafsikod a matsayin tsohon fiyano. Ba haka ba ne, kuma wanda bai gane bambancinsu ba zai ji konceton Johann Sebastian Bach mai lamba BWV 1052 (konceto kiɗa ne da abin kiɗa ɗaya ke jagoranta, ƙungiya tana raka shi) ya ce hayaniya ce kawai.

Fiyano guduma yake da ita mai bugun tsirkiya, saboda haka ƙarfin yatsa shi ne ƙarfin sauti. Hafsikod kuwa, idan an danna maɓalli, wani siririn katako ne ke tashi, a jikinsa akwai ɗan tsinke na gashin tsuntsu (yanzu galibi na roba) wanda ke fizgar tsirkiyar ƙarfe. Da an ɗaga yatsa, katakon ya sauko, ɗan ƙyallen da ke kansa ya kashe sautin. Ko ka danna a hankali ko da ƙarfi, kusan abu ɗaya za a ji, kuma sautin ba ya daɗewa.

A kan wannan rauni Bach ya gina kiɗan. Ya haɗa wannan konceto da wasu irinsa wajajen 1738 a birnin Laifzig na Jamus, inda ya karɓi jagorancin ƙungiyar Collegium Musicum a 1729, masu kiɗa a gidan shan kofi na Zimmermann. Ɗaki ne, ba babban zaure ba. Abokan kiɗan hafsikod ɗin kashi huɗu ne: biyolin (gogen Turawa) na ɗaya, na biyu, biyola (wadda ta ɗan fi biyolin girma), sai masu kaurin murya a ƙasa.

Shi konceton kuwa babi uku ne. Babi na farko, a ma'aunin D mai sautin damuwa, yana buɗewa da kowa da kowa a kan layi guda, babu wanda ya ware. Wannan jimla ita ce amshi, tana dawowa guntu-guntu tsakanin wuraren da mai hafsikod ke tafiya shi kaɗai, kamar yadda 'yan amshi ke karɓa wa zabiya. Idan Bach yana son ƙara, sai ya ƙara yawan masu kiɗa ko ya cika hannu biyu da ƙananan sautuka masu gudu. Idan yana son sanyi, sai ya janye su. Akwai wuraren da hannu ke ta komawa kan sauti ɗaya, D ko A ko E, sautukan da uku daga cikin tsirkiyoyin biyolin ke bayarwa idan ba a danne su ba. Shi ya sa masana da yawa ke ganin asalinsa konceton biyolin ne da ya ɓace, ko da yake wasu ba su yarda ba.

Babi na biyu, mai tafiya a hankali a ma'aunin G, shi ne gwajin gwani. Tunda sauti ba ya jimawa, makaɗi yakan warware sautukan da ya kamata su fito tare, ya jera su daga ƙasa zuwa sama, ya riƙe yatsa ɗan lokaci bayan ya danna na gaba, ya yi ɗan jinkiri kafin sautin da yake son a lura da shi. Na uku gudu ne mai bugu uku-uku.

Inda ake ɓata shi a fili yake. A sa masu biyolin goma sha biyu da tsirkiyar ƙarfe, hafsikod ya nutse, sai ƙaraurawarsa kawai ake ji. Mutum ɗaya ko biyu a kowane kashi, da tsirkiyar hanji, sun wadatar. A sa wa hafsikod makirfo a ɗaga, ƙarar katako ta fi kiɗan fitowa. A yi gudu fiye da kima a zaure mai amsa kuwwa, ƙananan sautukan su cakuɗe. Sannan zafi da laima suna sauya tsirkiya, dole a daidaita ta kafin a fara, sau da yawa har a lokacin hutu. Masu kayan irin na da sukan ajiye sautin A a kan kaɗawa 415 a daƙiƙa maimakon 440 da aka saba, don haka kada mai sauraro ya zaci kuskure ne idan ya ji kiɗan ya ɗan yi ƙasa.

Ban ce haramun ne a kaɗa shi da fiyano ba, amma gidajen rediyo da ke saka shi su riƙa faɗa wa masu sauraro da wane abin kiɗa aka yi.

Naku,
Wani mai karatu, malamin kiɗa