Masu Sayen Kifin Frontosa a Sakkwato, Ku Duba Zafin Garinmu

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni fili in ja hankalin masu ajiye kifin ado a gida, musamman frontosa mai ƙusumbi a goshi. Asalinshi tafkin Tanganyika ne da ke gabashin Afirka, can cikin zurfi, ruwanshi bai kamata ya wuce digiri 27 ba, to mu nan watan Afrilu zafi na haura 40, in an ɗauke wuta famfon iska ya tsaya sai ka ga kifin ya taso sama yana haki, wallahi abin tausayi. Kuma yana kai santimita 30, ƙaramin akwatin gilas bai isarshi, ga shi ba a ajiye shi shi kaɗai. Wanda bai da sola da ɗaki mai sanyi ya haƙura da shi.

Naku, mai karatu daga Sakkwato.