Majimfa: A Daina Zuba Shi a Kogi, a Kai Shi Gona

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in ja hankalin manoman jihar Kaduna kan majimfa, tsiron da akasarinmu ba su san shi da komai ba sai kashe kifi. Ɗan uwan wake da gyaɗa ne, asalinsa nan Afirka, daga yamma har gabas da kudanci. Masana na kiransa Tephrosia vogelii, don tunawa da Theodor Vogel, Bajamushen da ya biyo tawagar binciken kogin Neja a 1841. Yakan kai mita 2 zuwa 3. Ganyensa da kwansonsa duk gashi ne mai laushi, furensa fari ko shunayya. Yana son ruwan sama wadatacce, shi ya sa ya fi walwala wajen Kachiya da Kafanchan fiye da can arewacin Zariya.

Gubar da ke ganyensa, wato rotenone da danginta, ba ta zaɓen babban kifi. Har ƙananan da ake sa ran kamawa baɗi take shaƙewa, kuma doka ta hana irin wannan kamun kifi. Amma gubar nan ita ce maganin darɓa, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye, a gonar wake.

A tsinki ganye a shanya a inuwa, don rana na kashe ƙarfinsa. In ya bushe a daka, a jiƙa kilo 1 na garin cikin lita 10 na ruwa, a sa ɗan sabulu, ya kwana. Sabulun ne ke taimakawa wajen fito da gubar, ya kuma sa ruwan ya kama ganyen wake. A tace da ƙyalle sau biyu. Wanda ya yi ganda a nan zai wuni yana tsokacin bakin famfon feshi. A yi feshin da yamma, a rufe hanci, a rufe hannuwa, kada kuma a wanke famfon a rafi ko kusa da tafkin kifi. In an ga bai ci ba, sau da yawa an fesa da tsakar rana ne, ko kuma an samo irin da ba shi da guba, domin akwai shi, kuma da ido ba a cika bambanta su ba. Gara a karɓi iri daga wanda ya riga ya gwada nasa.

Irin yana da taurin baya, sai an jiƙa shi a ruwan ɗumi ya kwana kafin shuka, tazarar kamar mita 1. Saiwarsa na ƙara wa ƙasa taki kamar ta wake, sai dai tana tara tsutsar da ke kumbura saiwa, don haka kada a bi bayansa da tumatir ko kuɓewa.

Ina roƙon malaman gona su riƙa ware ɗan fili a gonakin gwaji, su tantance iri mai ƙarfi su raba wa manoma tun kafin damina.

Naka,
Wani malamin gona,
Kaduna.