Tsofaffin hotunan watan Io: a gyara, amma kada a yi ƙari

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a jaridarka kan hotunan Io, watan nan na duniyar Jupita mai duwatsu masu aman wuta sama da 400. Duk lokacin da irin hotunan suka shigo Facebook ko WhatsApp sai gardama ta kaure a Katsina, wani ya ce sabo ne, wani ya rantse zanen kwamfuta ne. Da dama daga cikinsu tsofaffi ne da aka sake wankewa, kuma aiki ne da ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko na Kwalejin Hassan Usman zai iya yi da kwamfutar cinya, in ya bi ƙa'ida.

Aman wutar ma da irin wannan aiki aka gano shi. A watan Maris na 1979, bayan kumbon Voyager 1 ya wuce Jupita, wata injiniya mai suna Linda Morabito ta ƙara hasken wani hoto don ta ga taurarin da ke bayan Io, saboda lissafin hanyar kumbo. Sai ga wani abu kamar lema a gefen watan. Feshin dutsen Pele ne, ya tashi kimanin kilomita 300. Yana cikin hoton tun farko, duhu ne ya rufe shi.

Ɗanyun hotunan suna rumbun intanet da ake kira PDS na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, kyauta ga kowa. Na Voyager da na kumbon Galileo duk ɗigo 800 ne a tsaye, 800 a kwance, kowane ɗigo yana da matakin haske daga 0 zuwa 255. Hoto ɗaya bai kai megabait guda ba, don haka data ba za ta hana kowa ba. Manhajar aikin ita ce ISIS ta USGS, hukumar nazarin ƙasa ta Amurka, ita ma kyauta, tana tafiya a kan Linux. Abin da ke cin wuri shi ne fayilolin SPICE, masu faɗin inda kumbo yake da inda kyamara ta dosa a daƙiƙar da aka ɗauki hoton. A sauke na kumbon da ake bukata kawai.

Kyamarar Voyager irin ta tsohuwar talabijin ce mai kwalba, tana lanƙwasa hoto, musamman a kusurwa. Shi ya sa aka buga mata baƙaƙen ɗigogi 202 a fuska, waɗanda aka san ainihin mazauninsu. Sai an fara nemo su, a auna yadda kowanne ya goce, sannan a miƙe hoton da wannan awo. Wanda ya yi gaggawar share su don sun ɓata masa gani ya jefar da ma'auninsa, kuma gefen watan zai fito masa a karkace. Kafin a cike gurbinsu a cire hasken da kyamara ke haifarwa da kanta ko a cikin duhu, wanda ya fi yawa a gefe-gefe. In aka tsallake wannan, da an ƙara haske sai kusurwoyi su yi fari kamar hazo, har mutum ya ɗauka feshin dutse ya gano.

Matsalar Galileo ta sha bamban. Babbar eriyarsa ta ƙi buɗewa a 1991, aka koma kan ƙarama mai aiko abin da bai wuce bit 160 a daƙiƙa ba, alhali an tsara 134,000. Dole aka riƙa matse hotuna kusan yadda JPEG ke yi, gida-gida, ɗigo 8 sau 8. Duk wanda ya ƙara wa irin hoton kaifi fiye da kima zai ga layuka a jere kamar saƙar tabarma. Iyakar gidajen matsi ce, ba tsagar ƙasa ba. Ga kuma ƙwayoyin lantarki masu tsananin gudu da ke kewaye da Jupita, suna dukan kyamara suna barin fararen ƙuraje. Hanyar bambancewa ita ce a nemo hotuna biyu na wuri ɗaya: ɗigon da ya fito a ɗaya bai fito a ɗayan ba, ƙurji ne, a cire shi. In an samu hotuna huɗu aka haɗa matsakaicinsu, yayyafin ɗigogin da ke ɓata hoto zai ragu da rabi. A guji goge hoton gaba ɗaya da matacin sulɓi, wato umarnin manhaja mai laushe hoto, domin yana tafiya da ƙananan ramuka na gaske.

Akwai abin da ba ya gyaruwa. A Nuwamban 1999 Galileo ya kama narkakken dutse yana tsartuwa a dutsen Tvashtar na Io, zafin ya cika ɗigogin kyamara har hasken ya malala zuwa na kusa. Wurin fari ne fat, ba komai a ƙarƙashinsa. Wanda ya cike shi da jan launi ya yi zane, kuma wajibi ne ya faɗa.

Launi ne ya fi ba mutane wahala. Waɗannan kyamarori baƙi da fari suke ɗauka, ta cikin gilashin launi ɗaya bayan ɗaya. Voyager na bukatar aƙalla daƙiƙa 48 tsakanin hoto da hoto. Io kuwa yana juyawa sau ɗaya cikin awa 42 da rabi, wato tsakiyarsa na tafiyar kusan kilomita 4 da rabi a minti, ga kumbo shi ma yana gudu. In aka ɗora hotuna uku kai tsaye, kowane rami zai fito da shuɗin baki a gefe ɗaya, ja a ɗaya gefen. Maganin shi ne a shimfiɗa kowanne a kan taswira iri ɗaya, a daidaita su da alamomin ƙasa, sannan a haɗa. Kuma Voyager ba ya ganin ja sosai. Ruwan lemo ake sa wa a madadinsa, shi ya sa hotunan farko suka fito jajur. A hotunan Galileo kuma sau da yawa a madadin ja ana sa gilashin nanomita 756, mai launin da ya kai ƙarshen ganin ido. Ainihin Io ya fi karkata ga rawaya mai ɗan kore, launin farar wuta, da farin ƙanƙarar iskarta. Ƙara launi ba laifi ba ne in don a bambanta ƙasa da ƙasa, muddin an rubuta.

A ajiye kowane mataki a fayil dabam, mai zurfin bit 16 ko 32, saboda ɗaukewar wuta da kuma komawa baya in an yi kuskure. JPEG sai a ƙarshe. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu "ƙara tsabta" kuwa a bar su ga hoton biki, domin suna ƙago duwatsun da ba su nan.

Amfanin wahalar yana wajen kwatantawa. Io ba ya zama yadda yake. Tsakanin Afrilu da Satumban 1997 dutsen Pillan ya shimfiɗa baƙin tabo mai faɗin kilomita 400 a gefen jan zoben Pele. Kumbon Juno ya wuce Io a tazarar kusan kilomita 1,500 ranar 30 ga Disamban 2023 da 3 ga Fabrairun 2024, ɗanyun hotunansa ma a buɗe suke. Ɗalibin da ya ɗora taswirar 1979 da ta 1999 da ta 2024 a kan ma'auni guda, ya auna abin da ya sauya, ya yi aikin kammala karatu na gaske, ya kuma koyi sana'ar da ake amfani da ita wajen duba gonaki da kwararowar hamada ta tauraron ɗan'adam. Muna roƙon shugabannin sassan kimiyya su karɓi irin wannan aiki.

Kai kuma, Malam Edita, duk ranar da za ka buga hoton Io, a rubuta a ƙasansa sunan kumbon, da shekarar ɗauka, da gilasan launin da aka haɗa, da sunan wanda ya gyara.

Naka,
Wasu malaman kimiyya da kwamfuta,
Katsina.