Godiya Ga Asibitin Haƙorin Da Ya Hana Ni Kafso

Assalamu alaikum.

Zuwa ga likitoci da ma'aikatan asibitin haƙorin da suka kula da ni, musamman likitar da ta fara duba ni. Na zaɓi in yi godiyata a fili, domin yaba kyauta tukwici, kuma masu irin lalurata suna da yawa.

Shekara biyu na yi ina fama da dasashi. Kullum da safe sai na ga jini a kan buroshi, ga wari da ni kaina nake ji, har na koma kauda kai in ina magana da mutane. In abin ya matsa sai in sayi kafso in sha na kwana uku, ya lafa, bayan wata guda ya dawo. Abin da ya kai ni wurinku ɗaya ne: a rubuta mini antibayotik mai ƙarfi in huta.

Likita, ranki ya daɗe, ba ki yi mini musu ba. Kin ɗauko wani siririn ƙarfe mai layi-layi, kina zura bakinsa tsakanin haƙori da dasashi kina kiran lamba, mataimakinki yana rubutawa: biyu, uku, biyar, shida. Daga baya kika ce lafiyayyen dasashi ba ya wuce zurfin milimita 3, nawa kuwa ya kai 6 a matauna. Hoton da aka ɗauka ya nuna ƙashin da ke riƙe da haƙoran ya fara zaizayewa. Sai tambayoyi: ina zazzaɓi? Kaluluwa ta fito a wuya? Ina da ciwon sukari? Ina shan taba? Duk na ce a'a.

Nan kika yi mini bayanin da ban taɓa ji ba. Ƙwayoyin cutar ba a watse suke ba, sun yi dandazo ne cikin wani datti mai yauƙi da ke manne da haƙori, wanda a hankali yake daskarewa ya yi tauri kamar dutse har ƙarƙashin dasashi. Maganin da mutum ya haɗiya ta jini yake bi, ba ya ratsa wannan dattin sosai, balle ya cire shi. Kika ce, "Malam, ko nawa ka sha, muddin wannan yana nan, ciwon yana nan." Gaskiya raina bai so ba, don na zaci za a sallame ni hannu rabbana. Ashe aiki ne a gabana.

Zama biyu aka yi. Aka yi mini allurar kashe zafi, aka sa na'ura mai tsiyayar ruwa ta kakkarya dattin, sannan kika bi saiwar kowane haƙori da hannu kina kankarewa. Har yau ina tuna ɓarɓashin da kika nuna mini a kan auduga, baƙi-baƙi kamar tsakuwa. Aka ba ni ruwan kurkure baki na chlorhexidine, aka ce kada in wuce mako biyu don yana rina haƙora, aka kuma koya mini amfani da ɗan ƙaramin buroshin da ke shiga tsakankani. Bayan mako 8 na dawo aka sake awo. Shida ta koma huɗu, biyar ta koma uku, jini ya tsaya, ban sha ko ƙwaya ɗaya ba.

Abin da ya ƙara mini yarda da ku shi ne ranar da na kawo yayana. Yana da ciwon sukari, ya kwana da zazzaɓi, kuncinsa ya kumbura, da ƙyar yake buɗe baki. Ke ɗin da kika hana ni, ke kika tsaga ƙurjin mugunya ta fita, kika rubuta masa antibayotik iri biyu, amoxicillin (dangin penisilin) da metronidazole, a ranar. Amma sai da kika tambaya ko penisilin ta taɓa yi masa illa, ko yana shan warfarin mai tsinka jini, tunda metronidazole yana ƙara masa ƙarfi. A hanya Yaya yake tambayata me ya sa ni ba a ba ni ba. Na ce nawa ciwon a wuri ɗaya ya tsaya, hannu zai iya kaiwa gare shi, naka kuwa ya fara bazuwa a jiki.

Tun 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin, ya yi gargaɗin cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai sa ƙwayoyin cuta su saba da shi. A 2019 kaɗai an ƙiyasta mutum miliyan 1.27 suka rasu saboda cututtukan da magani ya daina ci. In na tuna kafson da na riƙa sha na kwana uku-uku, jikina yakan yi sanyi.

Ina godiya ga baiwar Allahn da ke kira ta tuna mini ranar dawowa, da mataimakin da ya riƙa ce mini sannu har aka gama. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira. Zan dawo awo bayan wata uku in Allah ya kai mu, kuma Yaya ya ce tare za mu zo.

Naku,
Wani majinyaci da kuka kula da shi