Ga masu digirin digirgir da kundinsu ya maƙale

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan'uwa masu karatun digiri na uku, musamman waɗanda suka daɗe da kare tsarin bincikensu amma har yau kundi bai kai hannun mai jarrabawa na waje ba.

Uzurori suna nan, kuma da yawansu gaskiya ne. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Malami ɗaya yana duba ɗalibai rututu, ga aji, ga tarurruka. Ɗaliban su ma galibi ma'aikata ne masu iyali. Duk da haka, abin da na fi ganin yana kashe kundi shi ne ɓuya. Sai ka ga mutum ya yi wata shida bai leƙa ofishin malamin da ke duba aikinsa ba, wai yana jiran babin ya yi kyau tukuna. In ya hango motar malam a bakin tsangaya sai ya sauya hanya. To ɗan'uwa, malam ba zai gyara abin da bai gani ba. Kai masa shafi goma ko da a karkace suke, ya zane su da jan biro, ka dawo ka gyara. Da babu gara ba daɗi. Kuma duk abin da kuka tsayar a zama, ka rubuta shi a taƙaice ka tura masa a ranar, domin bayan wata uku shi da kai kowa na iya mantawa, a dawo ana cewa ba haka aka ce ba.

Babi na biyu, na waiwayen ayyukan da suka gabata, shi ne inda mutane suka fi nutsewa. Karatu ba ya ƙarewa. Ko ka tare a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Samaru, ko a Gidan Arewa a Kaduna, gobe ma wata sabuwar maƙala za ta fito. Rubuta tambayar bincikenka a jimla ɗaya, ka manna ta a bango. Littafin da bai taɓa ta ba, ajiye shi. Madogara kuwa ka tara su tun farko a manhajar Zotero, kyauta ce. Kwafin aikin ya zauna a Google Drive, kada a kwamfuta ɗaya kawai, don ɓarawo bai san darajar babi na huɗu ba.

Inda jami'arka ta shardanta buga maƙala kafin kare kundi, tura ta da wuri, mujallar kirki takan ɗauki watanni. Wadda ta ce ka biya ta buga maka cikin mako guda, guje ta. Masu samun tallafin karatu daga TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, su tuna kuɗin yana da wa'adi, rajista ma haka.

Bayan jarrabawar baki kuma, kada a fara yanka rago. Gyare-gyaren da aka ba ka suna da ranar miƙawa, kuma majalisar jami'a ba za ta amince da sakamakonka ba sai an sa hannu cewa ka yi su.

Na gode.

Mai karatunku daga Samaru, Zariya