Abba, kan baƙin da zaka kawo mana Sallah

Assalamu alaikum Abba, ya ibada, ya aiki. Mu nan lafiya lau, Hajiyarka da ƙannenka duk suna gaisheka.

Naga saƙonka cewa abokan aikinka biyu zasu biyoka Kano a ƙarshen azumi suga Sallah, Baturiyar nan da ɗan Enugu, kuma dukkansu Kiristoci ne. Naji daɗi wallahi, amma da kace ka kama musu otal a Nasarawa kuma manya ne zasu iya kula da kansu sai hankalina bai kwanta ba, shi yasa na zauna na rubuto maka wannan da ɗan tsawo, ka daure ka karanta har ƙarshe.

Kai a cikin abin ka tashi, baka san yadda garin yake a idon baƙo ba. Wanda ba Musulmi ba in ya sauka garin Musulmi da azumi ko ranar idi, abinda ya fara cin karo dashi ƙofofi ne a rufe. Mai shayi ba ya nan, mai abinci bata ɗora tukunya ba, kowa fuskarsa a bushe da rana, shi kuma yunwa na cinsa kuma yana jin nauyin ya tambaya. Lokacin da nake zuwa Dubai saro kaya na sha ganin Turawa da Indiyawa suna ɓuya suna kurɓar ruwa a bayan gini, dan a lokacin gidan abinci sai ya saka labule kafin ya sayar da rana, sai a 2021 aka ɗage musu wannan. A Alƙahira kuwa da magariba tayi tebura ake jerawa a bakin titi, duk wanda yazo wucewa a jawo shi ya zauna, ba a tambayarsa addininsa. Na lura wanda aka jawo ɗin nan shine yake komawa gida yana yabon azumi, wanda aka bari a ɗakin otal kuma yunwar kawai yake tunawa. Toh ni bana so baƙinka su zama na biyun.

Maganar ci da rana, ka faɗa musu tun kafin su taso cewa azumi bai hau kansu ba kuma babu mai tilasta musu. Hisbah da kake ji tana kame, Musulmin da aka gani yana ci a fili take kamawa. A Sabon Gari akwai abinci da rana kamar kullum, otal ma zasu dafa musu. Abinda zaka roƙe su kawai kar su ci ko su sha sigari a tsakiyar kasuwa ko cikin adaidaita sahu, dan kara. Kuma kai da hannunka ka saka ruwan gora a mota ka ce su sha, zafin Kano ba wasa bane, kar ka bari wani ya galabaita dan yana jin kunyarka. Giya kam ka san dokar jiha tun 2000, kar su shigo da ita cikin gari kuma kar kai ka zama ɗan aike.

Shan ruwa a gida zasu yi, wannan ba shawara bace. Hajiya zata yi ƙosai da kunun tsamiya da kunun gyaɗa, a basu dabino su buɗe tare damu, in mun tashi sallah su zauna abinsu. Kuma dan Allah ka ja kunnen ƙannenka da abokanka, kar wani ya mayar da tabarmar cin abinci wajen muhawara, ko ya fara ce musu yaushe zaku musulunta. In sun tambaya a amsa musu da kyau gwargwadon sani, in basu tambaya ba a barsu suci abinci. Baƙonka Annabinka, haka muka taso muka ji. In Lahadi ta riske su anan ka kaisu coci a Sabon Gari ka koma ka ɗauko su, babu abinda zai ragu a jikinka.

Ka gaya musu goman ƙarshe dare baya mutuwa, lasifikar tahajjud zata kai su har wajen sahur, su sani tun yanzu kar abin yazo musu bazata.

Sai maganar ranar Sallah. Su sun saba Kirsimeti 25 ga Disamba ce ko ana ruwa ko ana iska, mu kuma sai an ga wata Sarkin Musulmi ya sanar, azumi ya iya zama 29 ya iya zama 30. Saboda haka tikitin komawa a bar masa sarari. Kuɗi ma su cire da wuri, bankuna na rufe a hutun, masu POS kuma su tsawwala. In zasu sayi atamfa ko shadda a Kantin Kwari, ko kayan fata a Kurmi, ko suga marina a Ƙofar Mata, ayi kafin jajibere, dan ranar Sallah ko mutum ɗaya bazaku samu ba.

Hawa shine abinda ya kawo su, na sani, musamman da UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka hawan Kano cikin al'adun gado na duniya a 2024. Amma kar kayi musu alkawari, ka san tun Babbar Sallar 2024 ake ta dakatar da hawan saboda rikicin sarauta, 2025 ma haka akayi. In Allah yasa za'ayi, Hawan Daushe na washegarin Sallah shi zaka kaisu, ku tafi Ƙofar Kudu da wuri tun rana bata yi sanyi ba ku samu wajen zama, nan ne hakimai ke wucewa ɗaya bayan ɗaya da jama'arsu ana busa algaita da kakaki, har azo jafi. Ka faɗa musu 'yan bindiga zasu yi ta harbi sama kuma na murna ne, dan wanda bai sani ba zai iya zubawa da gudu. Ka riƙe su kusa da kai, doki baya sanin baƙo, waya kuma a aljihun gaba. Washegari Hawan Nasarawa ta Sabon Gari yake bi, ɗan Enugun zai ga 'yan uwansa a bakin titi suna ɗaga wa Sarki hannu. In kuma an hana, akwai Gidan Makama, akwai Dala, akwai yawon gaishe gaishe gidan dangi, wanda ni a ganina shine Sallar ma.

Ranar idi su tsaya daga gefe su kalli sahu, kar su ratsa gaban masu sallah, hoton mata kuma sai an nemi izini. Ita Baturiyar ƙanwarka zata bata doguwar riga da mayafi, a kaita ayi mata lalle tare dasu in tana so, in bata so kar a matsa mata. Ka canzo musu sabbin ƙananan kuɗi, dan yaran layi zasu zo barka da Sallah kuma zasu ji kunya in hannunsu babu komai.

Ka turo min ranar da jirginku zai sauka da lokaci, kuma ka tambaye su ko akwai abinda basa ci, yaji ko gyaɗa ko nama, Hajiya na so ta sani kafin tayi cefanen miyar taushe. Allah ya kawo ku lafiya, ya karɓi ibadunmu.

Mahaifinka.