Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Filato: A Fara Da Kasuwanni Kafin Mai Ya Sake Yankewa

Mai girma Gwamna, Barista Caleb Mutfwang, barka da aiki.

Ranar da ka karɓi rantsuwa, 29 ga Mayu 2023, ita ce ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar fetur da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta zarce 1,000. A watan Oktoba na 2024 kuma, da layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka lalace, Jos ta yi kwana da kwanaki cikin duhu. Wannan ba tsautsayin lokaci ɗaya ba ne. Ɗanyen man da Najeriya ke haƙowa ya kai ƙololuwarsa wajajen 2005, kimanin ganga miliyan biyu da rabi a rana, bai sake komawa can ba, har ya taɓa faɗowa ƙasa da miliyan ɗaya a 2022. Matatar Dangote ta rage shigo da mai daga waje, amma tana Legas, duk litar da za ta iso Filato sai ta hau tanka ta ratso rabin ƙasar. Ba a fafe gora ranar tafiya, ranka ya daɗe.

Roƙonmu shi ne kada shirin jiha ya tsaya ga rabon fitilun sola da kafa turakun hasken titi. A fara da inda mutane ke neman abinci: masu niƙa da masu yankan katako a Katako, 'yan walda da kanikawa a Dilimi, teloli da masu firiza a kewayen Taminus, 'yan gwari a Farin Gada.

Lissafin a bayyane yake. Ƙaramin janareta da ƙyar yake ba da yunit 2 na wuta daga lita ɗaya ta fetur, sau da yawa ma bai kai ba, don ana kunna shi kan kaya kaɗan. Idan lita tana naira 900, yunit ɗaya ya tashi wa tela a kan 450 ko fiye, ban da baƙin mai da kuɗin gyara. Hakan ya ninka kuɗin da aka ɗora wa 'yan rukunin A, wato masu samun wutar kamfani mafi yawan awanni a rana, su da aka kai wa yunit naira 225 a Afrilun 2024 har aka yi ta kuka. Wato mai shago ɗaya ya fi mai masana'anta sayen wuta da tsada.

Matakin farko ba ya cin kuɗi sosai: a auna. A tura matasa masu aikin lantarki layi-layi da mitar auna wuta, su rubuta kowane inji, wat nawa yake ja, awa nawa yake aiki, da rana ne ko da dare. Rashin wannan awo ke kashe yawancin solar da ake kafawa. Motar injin niƙa ko ta firiza tana fizgar wuta ninki 5 zuwa 7 a daƙiƙar da aka tayar da ita, don haka inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar sola irin ta gida, idan aka sayo ta daidai da abin da ke rubuce a jikin inji za ta riƙa yankewa har ta ƙone. Awon zai kuma nuna inda za a rage tun kafin a sayi fanel ɗin sola ko ɗaya. Tsohuwar motar keken ɗinki tana juyawa ko tela na yanka ko yana hira, ta zamani kuwa sai an taka take jan wuta. Sauya ta kaɗai na iya rage fiye da rabin wutar shago.

Bayan awo, a haɗa shagunan layi ɗaya kan ƙaramar tashar sola guda, kowa da mitarsa ta kati, a hannun ƙungiyar 'yan kasuwar. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara wannan da kansu. Aikin da ake yi da rana, kamar niƙa da ɗinki da walda, ya ci wutarsa kai tsaye daga fanel, saboda batir shi ne mafi tsada kuma shi ke fara mutuwa. Batir mai ruwa na 200Ah (ma'aunin girman batir) yana ɗauke da yunit 2.4 a takarda, amma rabi kawai ya kamata a zuƙa. Wanda ake ƙarar da shi kullum ba ya shekara biyu. Na litiyam ya fi tsada a farko, yana jure zuƙar kashi 80 cikin 100 sau dubbai. Ko wanne aka zaɓa, a ware kuɗin sauya shi daga kuɗin kati tun watan farko, a asusun da shugaban kasuwa shi kaɗai ba zai iya taɓawa ba.

Jos tana da nata hali. Sanyin tudu alheri ne ga fanel, don zafi ke rage masa ƙarfi, fanel mai wat 550 zai ba da kusan yunit 2 a rana mai kyau. Amma a yi lissafi da Yuli da Agusta, lokacin da hadari ke rufe gari kwana uku a jere. Wanda ya auna da ranar Maris zai sha mamaki. Da hunturu ƙura kan kwanta a fanel, sai an wanke da sassafe kowane mako, ba da tsakar rana ba lokacin da gilashin ya ɗau zafi. Tsawa kuma ta sha cinye inbata a garin nan, saboda mai aiki ya tsallake sandar ƙarfen da ake binnewa a ƙasa da na'urar kare tsawa don ya rage kuɗi. A sa su cikin sharaɗin kowace kwangila, tare da gwada fanel a gaban mai saye, domin kasuwa ta cika da masu lambar ƙarya.

Ruwa ya fi komai sauƙi. Famfon burtsatse mai ƙarfin doki ɗaya yana buƙatar fanel na kimanin wat 1,100, ba ya buƙatar batir sam. A ɗora tankin da zai riƙe ruwan kwana biyu, tankin ne ma'ajiyar. A sa na'urar da ke kashe famfo idan rijiya ta ja baya a watan Maris da Afrilu, in ba haka ba ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone.

Asibitoci da motocin kashe gobara dai ba su da makawa sai an ajiye musu mai. A ajiye man gas, ba fetur ba, don fetur na lalacewa cikin 'yan watanni. A riƙa amfani da tsoho ana zuba sabo, a kuma tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindin tanki, shi ke toshe fanfon inji ranar da ake neman sa.

Sai tsohuwar zuma. Tun wajajen 1930 kamfanin NESCO ke samar da wuta daga ruwan Kurra domin ma'adinan kuza, wutar da ba ta jiran tanka ko bututun iskar gas. Muna roƙon a zauna da kamfanin, a tura injiniyoyi su auna yawan yashin da ya cike madatsun da ƙarfin da injinan ke bayarwa a rani, a buga sakamakon kowa ya gani kafin a rubuta kasafin kuɗi na gaba.

Mu ne naka,
Wasu masu aikin lantarki da sola a Jos